Ranar da Na Ce Zarto Ya Mutu

Da sunan Allah nake farawa, Mai rahama, Mai jin ƙai, wanda Ya ba mu hannu, Ya kuma ba mu abin yi da shi.

Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu ta kafintoci, da mataimakinsa, da magatakarda. Iyayenmu dattawan sana'a da ke sahun gaba, waɗanda suka riƙe zarto tun kafin a haifi da yawanmu. Babban baƙonmu malamin asibiti, wanda ya fi sanin hannuwanmu a kan fuskokinmu. Wakilin 'yan katako. Wakiliyar mata masu yi wa kujeru sutura. Maƙwabcinmu mai gyaran wuta, wanda ya ja mana waya zuwa wannan zaure tun da safe. 'Yan'uwana kafintocin rufi, da na ƙofa da taga, da na gado da kujera. Da duk wanda ya rufe shagonsa ya zo nan yau: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Akwai mutum ɗaya da na so in sa a cikin wannan gaisuwa, amma na duba sahu-sahu ban gan shi ba. Kujerarsa ga ta can kusa da taga. Don Allah a bar ta haka, kada a zauna a kai.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama. Ina godiya ga kwamitin da ya sha zirga-zirga wata da watanni har aka samo mana waɗannan zartuna na lantarki guda talatin, waɗanda kuke gani jere a cikin kwalayensu. Ina kuma godiya gare ku da kuka haƙura kuka zauna, domin na san rabin idon kowa yana kan kwalayen nan, ni da saura nake magana.

Shugaba ya ce kafin a miƙa wa kowa nasa, sai an tsayar da wani ya yi bayanin yadda ake haɗa wannan zarto da yadda ake aiki da shi ba tare da an bar masa wani abu na jiki ba. Da aka ce wa za a tsayar, na ji labarin ba a ma yi musu ba, aka ce a kira Zare-Fulogi. Ni ke nan. Na san sunan da kuka sa mini, kuma na san ba don yabo aka fara sa shi ba. An ce ko fanka zan goge sai na zare fulogi. An ce na taɓa zare wa mai aski nasa yana tsakiyar kaina. Wannan na biyun ƙarya ce, amma na farkon haka ne.

To, akwai wani suna kuma a bakinmu. Idan kafinta ya yi ganganci, me muke ce masa? Ku faɗa mana, ba baƙon abu ba ne. «Kai, kada ka yi mana aikin Bakwai.» Saboda baƙinmu da ba su san zancen ba: Bakwai yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha biyu ke nan da zarto irin wannan ya cire masa yatsu uku a hannun hagu, ya bar masa bakwai a hannu biyu, sunan ya bi shi. Tun daga ranar ya zama abin misalin sakaci a sana'armu. Tasa ce kujerar da na ce a bari. Yau abu biyu suka tsayar da ni a gabanku: in koya muku zarto, kuma in sauke wa yayana wani kaya da yake ɗauke da shi wanda ba nasa ba ne. Zan fara da zarto, domin ta cikinsa maganar za ta fito.

Ga ɗaya na fitar daga kwali. Ku dubi wayarsa, ku bi ta da ido. Ina ta ƙare? A aljihun rigata. Wannan shi ne batu na farko, kuma da zan tsaya a kansa in zauna, da ban yi asarar zuwa ba. Duk abin da za ka yi wa zarto wanda ba yanka ba, ko canza faifai, ko gyara zurfi, ko cire ɓarɓashin da ya maƙale, ko ɗaga shi daga benci zuwa benci, to fulogi ya kasance a inda idonka ke ganinsa, a wajen soket. Kashe makunnin bango bai isa ba, domin bango yana da hannuwa da yawa: abokin aikinka zai zo sa cajin waya, maƙwabci zai zo aron wuta. Wanda zartonsa mai batir ne, ya cire batir ya sa a aljihu. Ni aljihu na yarda da shi, domin ban taɓa ganin wanda ya kunna abin da ke aljihuna ba.

Na biyu, faifai, wato wannan zagayayyen ƙarfe mai haƙora. Kafin ka ɗaura shi, ka ɗaga shi sama ka dube shi a haske. Idan ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko haƙora biyu uku sun tafi, to kwanansa ya ƙare, kada ka kai wa mai walda ya liƙe maka. Ina ganin mutuncin masu walda, amma wannan ba huruminsu ba ne. Faifan katako daban, na ƙarfe daban, na dutse daban, kuma girmansa ya zama wanda aka rubuta a jikin zarton. Akwai kibiya a jikin faifai, akwai kibiya a jikin murfi. Su fuskanci waje ɗaya. Na taɓa samun wani ɗan'uwa, ba zan nuna shi ba ko da yake yana kallona, yana ta zagin kamfani, wai sabon zarto sai hayaƙi yake ba ya ci. Na duba, ashe faifai ya sa a baibai. Ya ce, «Ai na ɗauka duk inda ya juya yanka ne.» Idan ka ɗaura, ka danne abin da ke riƙe faifan, ka ɗaure noti da sifanar da ta zo a kwali, ɗaurin ƙwarai, sannan ka cire sifanar. Kada ku yi dariya, an sha barin ta a jikin zarto.

Faifan da ya dakushe kuma ya fi mai kaifi haɗari. Mai kaifi yana tafiya da kansa, kai dai raka shi kake. Dakusasshe sai ka tura, sai ka sa ƙarfi, sai ka jingina jikinka a kansa, kuma a nan ake samun abin da ba a so. Da zarar ka ji ƙaurin katako yana ƙonewa, ko ka ga bakin yanka ya yi baƙi, a kai shi washi ko a canza.

Na uku, murfi. Ku ga wannan na ƙasa: na ja shi baya, na sake shi, ya koma da kansa ya rufe haƙora. Kun ji ƙarar? Wannan ƙarar ita ce za ku fara nema kowace safiya. Idan ya koma a hankali kamar mai jin barci, ko ya tsaya a rabi, garin katako ne ya cika masa ciki, ko abin da ke mayar da shi ya saki; a gyara kafin a yi yanka ko ɗaya. Na san abin da muke yi, kada mu ɓoye wa juna. Mukan cusa ɗan tsinken katako mu tokare shi a buɗe, mukan ɗaure shi da waya, wasu ma kwance shi suke yi gaba ɗaya su jefa a bayan shago, wai yana hana ganin layi. Ya 'yan'uwa, faifai ba ya tsayawa lokacin da ka saki hannu, yana ci gaba da juyawa. Zarton da ba shi da murfi, idan ka ajiye shi ƙasa yana juyawa, tafiya yake yi da baya, kuma abin da ke bayansa ƙafarka ce. Malamin asibiti ga shi nan, ku tambaye shi diddige nawa ya ɗinke.

Na huɗu, zurfi. Wannan shi ne wanda muka fi rainawa. Akwai ɗan hannu a baya, nan, idan ka sassauta shi farantin ƙasa yana hawa yana sauka. Ka jingina zarton a gefen katakon da za ka yanka, fulogi yana aljihu, ka daidaita har ya zama abin da ya leƙo ta ƙasan katako bai wuce tsawon haƙori ɗaya ba. Haƙori ɗaya tak. Mu kuwa me muke yi? Mukan sake shi har ƙarshe tun ranar da aka saya, mu yanka katakon rufi da shi, mu yanka siririn falanki da shi, rabin faifai yana yawo a ƙasa inda ido ba ya gani. Ku riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Na biyar, katakon kansa. Wakilin 'yan katako, ka yi mini afuwa, amma tsohon katakon da ake cewa an cire masa ƙusa duka, ban taɓa samun wanda ba a manta da ɗaya ba. A shafa, a duba, a cire. Sannan a shimfiɗa shi a kan benci mai ƙarfi, a matse shi da ƙarfen matsewa, ba da gwiwa ba, ba da tafin ƙafa ba, ba kuma a ce wa wani ya riƙe da hannu kusa da layi ba. Gutsuren da za a yanke ya zama a waje, inda zai faɗi ƙasa abinsa. Idan ka ɗora katako a kan benci biyu ka yanka ta tsakiya, yana gab da rabuwa zai lotsa ya matse faifai, faifai kuma idan aka matse shi harbi yake yi: zarton gaba ɗaya ya taso ya yo kanka, kafin ka ce me ke nan ya iso. Saboda haka ake cewa kada ka tsaya a bayansa daidai layi. Ka ɗan koma gefe, ƙafafu a ware, ƙasa a share, waya a bayanka ta kan kafaɗa.

Jikinka ma akwai shirinsa. Tabarau na kare ido, ba na gayu ba. Takunkumi saboda ƙura. Abin toshe kunne, domin da yawa daga dattawanmu na sahun gaba sai na ɗaga murya suke jina, kuma ba tsufa kaɗai ba ne. Riga mai faɗin hannu a tuɓe ta a rataye, ko a naɗe hannun har gwiwar hannu. Carbi, da igiyar makulli, da duk abin da ke reto, a aljihu.

Sai yankan kansa. Hannu biyu a kan zarto, ɗaya a mariƙin baya, ɗaya a na gaba; hannun da ke kan mariƙi ba ya zuwa gaban haƙora. Ka ɗora gaban faranti a kan katako, faifai bai taɓa ba. Ka ja kunama, wato wannan abin da yatsa ke dannawa, ka jira har muryarsa ta daidaita, sannan ka shiga. Kada ka tura, kada ka murɗa, kada ka ja shi baya yana juyawa. Idan ka kauce wa layi, ka saki kunama, ka jira ya tsaya cik, ka fitar, ka sake shiga. Idan ka gama, ka jira ya tsaya, ka duba murfi ya rufe, sannan ka ajiye. Duk wannan jiran bai kai lokacin shan kofin ruwa ba.

Yanzu na zo kan kunama. Waɗanda suka ƙera wannan abu sun yi shi ne yadda da zarar yatsanka ya saki, wuta ta yanke. Ba don su wahalar da mu suka yi haka ba. Amma wanda ya taɓa tsaga dogon falanki tun safe ya san yadda yatsa ke sanƙarewa. Sai muka samo dabara, irin tamu ta kafintoci: mu yanko robar tsohuwar tayar keke, mu naɗe kunama da ita a danne, mu riƙa kunnawa da kashewa daga bango. Kada kowa ya sunkuyar da kai, ban tambayi wanda ya taɓa yi ba. Ni na yi.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, a shagon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mu uku muke aiki: Baba, da Yaya, da ni. Ba yaro ba ne ni a lokacin, ina da mata da 'ya'ya biyu, don haka ba ni da uzurin ƙuruciya. Baba ya sayo zarto irin wannan, ya tara mu ya ce, «Duk wanda na kama ya ɗaure wa abin nan kunama, ya nemi wani shagon, ko da ni na haife shi.» Waɗanda suka san Baba sun san ba ya maimaita magana.

Ranar an ba mu aikin bencin makaranta, falankai sun fi arba'in, a tsaga kowanne gida biyu. Baba ya fita duba wani rufi. Yaya yana can ciki yana haɗa ƙafafu. Da yatsana ya gaji, sai na waiga, na ga babu mai kallona, na yanko roba na naɗe. Zurfin kuwa yana nan yadda na bar shi tun jiya da na yanka katako mai kauri, rabin faifai a ƙasa. Ina tsakiyar wani falanki, wajen ƙarfe uku na rana, aka ɗauke wuta. Zarto ya yi shiru a cikin yanka. Na yi tsaki, na bar shi a nan maƙale, na koma bakin ƙofa inda tulu yake don in sha ruwa. Ban kashe bango ba. Ban zare fulogi ba. Me zan kashe, ai babu wuta?

Yaya ya fito yana neman benci zai ɗora aikinsa. Ya ga falanki da zarto a ciki. Yaya ba mutum ne mai taɓa abu bai tambaya ba, ku shaida wannan, domin shi ne gaskiyar halinsa. Ya tsaya ya ce, «Ƙane, zarton nan fa?»

Ina riƙe da moɗa na ce, «Ya mutu, Yaya.»

Ku dubi wannan kalma. Haka muke cewa dukanmu. Janareta ya mutu, fanka ta mutu, inji ya mutu. Ni abin da nake nufi, an ɗauke wuta. Shi abin da ya ji, an kashe an zare, domin haka Baba ya koya mana, kuma bai taɓa zaton ƙaninsa zai yi wani abu daban ba. Robar tana ta ɗaya gefen mariƙi, bai gan ta ba. Ya sa hannun dama ya kama bakin falanki, ya zura na hagu ta ƙasa don ya ɗaga shi da zarton gaba ɗaya ya matsar. A daidai nan aka kawo wuta.

Ba zan kwatanta muku abin da na gani ba. Malamin asibiti ya gani, shi ya karɓe mu. Abin da zan faɗa shi ne, da zurfin haƙori ɗaya ne, watakila da yanka kawai zai samu. Da babu roba, da wuta ta dawo ta tarar da kunama a sake. Da na zare fulogi, da ko an kawo wutar duniya duka ba ruwansa. Da na ce masa «wuta aka ɗauke», da ya duba bango. Ƙofa huɗu, kowace ɗaya ta isa ta tsare shi, kuma ni na bar su a buɗe duka huɗun.

Da yamma Baba ya iso asibiti. Ya tsaya a kan gado, ya dubi hannun da aka naɗe, ya ce, «Wa ya ɗaure kunama?» Ina tsaye a bayansa. Wallahi na so in yi magana, na haɗa kalmar a cikina, ta ƙi fitowa. Sai Yaya, da ko idonsa ba ya iya buɗewa sosai, ya ce, «Ni ne, Baba. Yatsana ne ya gaji.» Baba ya sake duban hannun. Sannan ya ce, «To, ka riga ka biya.» Ya juya ya fita.

Kowa ya san sauran. Yaya bai ƙara riƙe zarton lantarki ba. Ya koma awo, da goge, da fenti. Labari ya bazu cewa Bakwai ya ɗaure wa zarto kunama ya cinye masa hannu. Ni kuma na zama mai tsantseni, na zama Zare-Fulogi, har ana turo mini mutane in koya musu kiyayewa. A gabana aka sha cewa «aikin Bakwai», a gabansa ma an sha faɗa, sai ya yi murmushi ya ɗaga hannun ya ce, «Ku dai ku kula.» Ni kuwa ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage, amma ban taɓa buɗe baki ba. Shekara huɗu da suka wuce Baba ya rasu, na raka shi makwancinsa ina cewa a raina ya tafi bai san wane ne ɗansa mai laifi ba. Wannan ya fi komai cina.

Da shugaba ya aiko cewa ni zan yi wannan bayani, sai na ga ba zan iya tsayawa a gaban mutum ɗari in koyar da kiyayewa da sunan da na samu a kan hannun yayana ba. Jiya da hantsi na je shagonsa, na tarar yana goge wata ƙofa. Na ce, «Yaya, gobe zan faɗa.» Bai tambaye ni me zan faɗa ba. Ya ce, «Bar shi, Ƙane. Abin da ya wuce ya wuce, yatsu ba za su tsiro ba.» Na ce, «Yatsu ba za su tsiro ba, amma 'ya'yanka suna ji ana kiran sunanka a kan ganganci.» Sai ya ajiye abin gugar, ya shiga ciki, ya buɗe tsohon akwatin kayan aikin Baba, ya fito da wani abu a ƙunshe cikin takarda ya miƙo mini.

Ga shi nan. Na baya ba za su gani sosai ba, bari in ɗaga. Roba ce, ta bushe, ta tsattsage, amma ƙullin yana nan yadda aka yi shi.

Yaya ya ce, «Ranar, kafin Baba ya zo asibiti, sai da ya biya ta shago. Shi ya yanke ta daga jikin zarto. Ya ce mini daga baya, duk gidan nan mutum ɗaya ne ke ƙulli da hagu.» Ku da kuka yi aiki da ni kun san ni bahago ne. Na ce, «Ke nan ya sani?» Ya ce, «Tun kafin ya tambaya. Ya ce tunda na zaɓi in rufa maka, ba zai tona abin da na rufe ba. Amma ya ce in ajiye wannan, ranar da ka zo da ƙafarka, in ba ka.»

Shekara takwas na ƙara yi ina aiki a gefen Baba, yana miƙo mini guduma, ina miƙa masa ƙusa, yana jira. Ban zo ba sai da ya tafi. Na tambayi Yaya ko zai zo taron yau, ya ce shi ba ya son taro, ya koma kan ƙofarsa.

Mai girma shugaba, ga roƙona, kuma ina so magatakarda ya rubuta. Duk wanda zai karɓi zarto yau, ya yi alkawari a gaban jama'a cewa ba zai ɗaure masa kunama ba, ba zai tokare masa murfi ba. Idan aka ɗauke wuta, abu na farko a zare fulogi, kafin tsaki, kafin shan ruwa. Kalmar «ya mutu» kuma a fitar da ita daga shagunanmu. Zarton da ke jone da bango bai mutu ba, suma ya yi, kuma ba ya sallama idan zai farfaɗo. Idan ɗan'uwanka ya tambaye ka, ka ce «na zare» ko ka ce «ban zare ba». Kai kuma mai tambaya, ko an ce maka an zare, ka bi waya da idonka har ka ga ƙarshenta, ko da wanda ya faɗa maka uwarku ɗaya.

Roƙo na ƙarshe, ba na rubutawa ba ne. Daga yau, idan wani ya yi ganganci kuma dole sai kun kira suna, ku kira nawa. Zan amsa. Mutumin da kuke kira Bakwai ya tsaya ya tambaya kafin ya taɓa, wanda da yawanmu ba ma yi. Laifinsa ɗaya, ya yarda da maganar ƙaninsa.

Shugaba, ka ba ni izini in nemi a ɗaga hannu, wanda ya amince da waɗannan sharuɗɗa. Madalla. Sahun gaba duka. 'Yan rufi, na gan ku. Mata ma sun ɗaga, mun gode. Can baya... ku ɗan dakata, kada ku sauke.

Can bakin ƙofa, bayan mai gyaran wuta, akwai hannun hagu a sama mai yatsu biyu. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Don Allah ku buɗa masa hanya. Yaya, ga kujerarka nan kusa da taga, ba wanda ya zauna. Magatakarda, wannan hannun ka fara rubutawa.

Bari in rufe da addu'a. Allah Ya sa albarka a cikin waɗannan zartuna, Ya sa su zama hanyar abinci ga gidaje talatin da ma fiye. Allah Ya sa kowane hannu da aka ɗaga a wannan zaure ya tsufa da adadin yatsun da ya ɗago yau. Allah Ya jiƙan mahaifinmu da dukkan magabatanmu a wannan sana'a, Ya yafe mana abin da muka ɓoye da abin da muka bayyana. Allah Ya saka wa masu rufa asirin 'yan'uwansu da abin da mu ba za mu iya biya ba. Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai, Ya mayar da kowa shagonsa da iyalinsa lafiya.

Fulogin yana aljihuna har yanzu, shugaba. Yaya zan miƙa wa.

Na gode.